Faifan Da Ya Tsaya Tun Damina

Assalamu alaikum, masu bibiyar labarina. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta tambaya ko Mahadi ya ɗauke ni ne ba a gayyace ku ba. Allah ya ba ki haƙuri 'yar uwa, ba biki ne ya ɓoye ni ba. Ku gyara zama, amma kada ku sa ran dariya da yawa yau.

Ga wadda yau ta fara leƙowa, sunana Mansura, 'yar Tsafe ce ni. Ina da ɗan shago a Gusau, ɗaukar hoto da bidiyon bikin mata nake yi. Gidan da ba a yarda namiji ya shiga da kyamara ba, ni ake kira. Mahadi kuwa ɗan Bungudu ne, kwamfuta ya karanta, kuma shi ne mutumin da na daɗe ina kare wa faɗa a gidanmu. Dogo ne, ba ya rabuwa da farar shadda da hula a karkace, ga baki kamar an shafa masa zuma. Ban ce muku ba shi da kirki ba. Da ba shi da shi, da abin bai yi mini ciwo haka ba.

Bazarar bara ya shigo shagona rungume da wata tsohuwar kwamfuta, gumi duk ya jiƙe masa wuyan riga. Ya dire ta ƙarƙashin teburina, ya zaro faifan ajiya guda biyu daga leda, irin masu nauyin nan da ake ɗaurawa a cikin kwamfuta.

"Daga yau kin daina kukan aiki ya ɓace," in ji shi. "Wannan ita ce rumbunki. Duk abin da kika zuba, za ta rubuta shi a faifai biyu lokaci guda. Ɗaya ya mutu, ɗaya na nan. RAID ake ce masa, amma ke ki kira shi madubi."

Na jawo kujera na zauna kusa da shi, wai ina koyo. Allah na tuba, hannunsa kawai nake kallo. Can ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Hanya biyu ce. Ko in zauna in tsara mata da hannu, in ambata mata kowane faifai da lambarsa, in ce kada ta kuskura ta buɗe in ba su cika biyu ba. Ko kuma in bar ta ta riƙa haɗawa da kanta, duk sanda aka kunna ta ɗauki abin da ta tarar ta ci gaba."

"Wanne ya fi?"

"Na hannu mana. Sai dai yana cin lokaci, ga la'asar ta yi, kin kuma san hanyarmu ba a yi mata yamma. Bari in bar ta a kan na kanta yanzu. Na sa mata adireshin imel ɗina, in wani abu ya samu ɗaya, saƙo zai shigo mini a waya. Asabar in dawo in tsara miki da hannu."

Kun san me na ji a raina? Daɗi. Wai har na'urata ma shi za ta riƙa kai wa ƙara. Na raka shi bakin titi ina ta murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Asabar ta zo, ya zo, amma da tsire ya zo, muka ci muka sha hira, ba wanda ya tuna da kwamfuta.

Babana, Malam Jatau, manomi ne, gonarsa na 'Yankuzo. Mutum ne mara hayaniya, bai taɓa ɗaga mini murya a kan aure ba, ko da ƙannena mata suka riga ni. Da damina ta sauka, wata rana Mahadi ya zo Tsafe gaishe shi, suna zaune a zaure ni kuma ina laɓe bayan ƙyaure da kwanon fura. Sai na ji Baba ya ce a hankali:

"Mahadi, ba korarka nika yi ba. Amma yaushe manyanka za su tako? Ina son in ga abin ga da idona."

"In sha Allahu Baba, bayan kaka."

Daga ranar ƙafarsa ta fara ɗaukewa. Bai daina kira ba, bai daina turo saƙo ba. "Sarauniyata, aiki ya riƙe ni a Bungudu." "Sati mai zuwa ina tafe." "Kin ci abinci?" Ni kuwa in Iya, mahaifiyata, ta tambaya sai in ce aiki ne ya yi masa yawa, in ƙara da gishirina.

Da kaka gero ya yi kyau, na bi Baba gona da kyamarata. Shi fa Baba ba ya son hoto. Ko na katin zaɓe sai da aka yi da gaske. In ka ɗaga waya sai ya juya baya ya ce, "Mi za a yi da hoton tsoho?" Amma ranar nan ban san abin da ya shiga ransa ba. Ya zauna a kan damin gero, ya gyara tsohuwar malafarsa, ya dubi kyamara ya ce:

"Abin ga shina ɗaukar magana? To kai ma uwarki. Delu! Ke kic ce gonar tudu ba ta yi bana. To ga ta nan, ki shirya ƙwaryar hura."

Ya yi dariya har da tari. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ba da labarin ranar da ya fara ganin Iya a kasuwar Tsafe tana sayar da daddawa, ta ƙirga masa ta rage guda, shi kuma ya gani ya yi shiru don ya samu dalilin dawowa. Ya kira sunayenmu ɗaya bayan ɗaya ya sa mana albarka. Ni ina riƙe da kyamara, ina ta dariya. A iya sanina wannan ne kaɗai wurin da muryar Baba ta taɓa shiga na'ura.

Na koma Gusau na zuba shi a rumbu, na goge katin kyamara kamar yadda na saba, don washegari ina da kamu a Wonaka. Na kira Mahadi ina ba shi labari, har na ce masa ina jin tsoron kada wani abu ya samu bidiyon nan. Ku riƙe amsar da ya ba ni.

"Ki kwantar da hankalinki, yana wuri biyu."

Niyyata in gyara shi, in sa masa suna da kwanan wata, in kai wa Iya ta kalla a gabansa mu tsokane shi. Ban kai ga yi ba. Wata safiya Baba ya faɗi a bakin rijiya, hawan jini, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Mahadi ya zo, ya zauna a tabarmar makoki har aka share, ya yi hidima kamar ɗan gida. Mutane suna ta cewa Malam ya yi dacen suruki.

Iya ta shiga takaba. Ta ajiye kwalli da turare, ta koma zane ɗaya mai duhu, ba ta wuce ƙofar gida. Na ba ta labarin bidiyon, na ce in kawo mata? Ta ja carbinta ta ce:

"A'a ɗiyata. In na ji muryatai yanzu, zuciyata ba ta ɗauka. Ki aje mani. Ranar da na hita, ranar nika son in gan shi."

Tun daga lokacin abin ya zame mata abin jira. In mata sun zo gaisuwa sai ta ce, "Ai Malam ya bar mani saƙo, shina wurin Mansura." Wani lokaci ta kira ni a waya ba don komai ba sai ta tambaya wace riga ce a jikinsa ranar. In ce shuɗiyar nan mai yagaggen aljihu. Ta ce ita ta hana shi sa ta, bai ji ba.

Ta ɗaya gefen kuma ga Baffa Umaru, ƙanin Baba, wanda riƙon gida ya dawo hannunsa. Shi ba irin Baba ba ne, ba ya tauna magana. Ya kira ni zaure ya ce:

"Mansura, ba ni yi maki dole, yayana bai yi maki ba. Amma yaron ga ya daɗe shina ɗumama muna tabarma. Ranar da uwarki ta hita takaba, ko manyanai su zo, ko mu san inda dare ya yi muna."

Na tura wa Mahadi saƙon kamar yadda aka faɗa. Ya amso da hoton zuciya guda uku. Ku gaya mini, 'yan uwa, zuciya uku amsa ce?

Ana saura 'yan kwanaki Iya ta fita, na shiga shago da safe da niyyar in gyara bidiyon a ƙarshe, don tun rasuwar ban iya buɗe shi ba. Na kunna rumbu. Sai na ji wani sauti daga ciki, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ɓera na cin ƙwarya. Allon ya tsaya baƙi. Na ce wa kaina ai faifan biyu ne. Na kira Mahadi bai ɗauka ba, na sake kira bai ɗauka ba. Na yafa gyale, na tare mai Keke Napep, na rungumi kwamfutar a cinya sai shagon Saratu.

Saratu ƙawata ce tun muna makaranta. Iyayenta mutanen kudancin Kaduna ne, amma a Gusau aka haife ta, gyaran kwamfuta take yi, kuma ita ce ke kawo mana shinkafar Kirsimeti har Tsafe. Ta kwance murfin, ta ciro faifan biyu, ta jona su ɗaya bayan ɗaya a tata na'urar.

"Wannan mai ƙarar ya mutu," in ji ta. "Amma ɗayan lafiyarsa ƙalau. Share hawayenki, uwar raki."

Na yi hamdala har na fara dariya. Ta buɗe shi, ga bukukuwa nan reras. Na ce ta gangara ƙasa. Ta gangara. Bikin ƙarshe da ke ciki na wata amarya ce da na ɗauka a tsakiyar damina. Daga nan babu komai.

"Gangara mana, Saratu."

"Ƙawata, nan ne ƙarshe."

Ta sake leƙa cikin akwatin da tocila, ta taɓa wata 'yar igiya, ta ga tana lilo. Ta ce ga alama tun damina wannan igiyar ta saki, ko jijjigar janareta ce ko wajen shara aka ture kwamfutar. Faifan ya fita daga layi. Ita kuwa na'urar da aka bar ta tana haɗa kanta, da aka kunna ta tarar da guda ɗaya, sai ta ɗauke shi ta ci gaba da aiki, ba ta nuna mini komai ba.

"Watanni ke nan kina zubawa a faifai ɗaya kina zaton biyu ne. Da an tsara ta da hannu an ce kada ta buɗe sai sun cika, da tun ranar ta ƙi tashi, ki kawo mini, in mayar da igiyar nan kafin shayinki ya huce." Ta dube ni. "Amma ai irin wannan tana aika gargaɗi. Wa aka sa ta riƙa sanarwa?"

Na dubi wayata, ga kiran Mahadi biyu da bai ɗauka ba. Ita kuwa ba ta sake tambaya ba, ta dai jawo ni ta rungume. Ta ba wani abokin aikinta mataccen faifan ya tafi da shi Kano wurin masu buɗe ciki. Ana jibi fitar Iya ya dawo da shi a cikin ambulan, ya ce cikin ya karce, ba abin da zai fito.

Washegari da hantsi na shiga motar Bungudu. Ban yi kwalliya ba, hijabin sallata na zura. Na same shi a ƙofar wurin aikinsa yana cin gyaɗa da abokai. Da ya hango ni sai ya miƙe, murmushin ya tsaya masa a rabin fuska. Muka koma gindin wata bedi.

"Sarauniyata, lafiya? Na ga kiranki, wallahi ina cikin..."

"Saƙo ya shigo maka ko bai shigo ba?"

"Wane saƙo?"

"Mahadi, kada ka mayar da ni yarinya. Na faifai."

Ya sunkuyar da kai yana murza ɓawon gyaɗa. Na so ya yi mini ƙarya. Wallahi na so ya ce adireshin ne ya lalace, da na yarda, don na saba yarda.

"Ya shigo," ya ce. "Tun damina. Kullum da safe in kin kunna sai ya shigo."

"Kullum?"

"Na ce zan zo Asabar. To a satin ne Baba ya yi mini maganar manya. Ni kuma ban shirya ba, ɗakin da nake gini ko rufi babu, na kasa faɗa miki. Na san in na zo shago sai kin tambaye ni. Duk sanda saƙon ya shigo sai gabana ya faɗi, in tuna da maganar Baba. Sai na sa wayar ta daina nuna mini shi. Na ɗauka faifai ɗayan zai kai har in shirya."

"Ranar da na kira ka daga gona fa? Ka ce mini yana wuri biyu."

Ya saki ɓawon gyaɗar ya zube ƙasa.

"Ka san ɗaya ne?"

"Na sani."

Kun ga, da mantuwa ce da na yafe tun kafin ya roƙa. Kowa na mantuwa. Amma ya sani. Ya zauna a tabarmar makokin Baba yana raba wa mutane ruwa, ya ji Iya ta bayan labule tana cewa Malam ya bar mata saƙo, kuma ya san saƙon nan a kan faifai ɗaya yake rataye. Kalma ɗaya ta isa. Ko a waya ya ce, Mansura kwafe bidiyon nan a wani wuri, da yanzu ba wannan nake rubuta muku ba. Bai faɗa ba don kada a tambaye shi yaushe zai zo.

Ya fara kuka, ya ce zai kai faifan Legas, zai sayar da babur ɗinsa, zai yi komai. Na ce an riga an buɗe, ba komai a ciki. Ya ce in yafe masa. Na duba zuciyata in ga ko akwai tsana in jefe shi da ita, ban samu ba, son nan dai yana nan inda yake, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Na juya na tafi tasha, yana bina yana kiran sunana har na shiga mota.

Daga nan Tsafe na wuce. Na shiga ɗakin Iya da niyyar in faɗa mata, na tarar ana sa mata lalle, ƙafafunta a naɗe cikin leda, tana ta ba da umarni a kan wainar gobe. Rabon da in ga haƙoranta tun ranar da Baba ya faɗi. Ta ce, "Kin taho da saƙon Malam?" Na ce, "Iya..." Ta ce, "Madalla, Allah shi yi maki albarka." Na fita na shiga bayi na toshe bakina da hijabi.

Gari ya waye, gida ya cika. Iya ta yi wanka ta fito cikin sabuwar atamfa ruwan ganye da ƙannena suka ɗinka mata, ta ɗaura kallabi, ta zizara kwalli, lallen ya kama jawur. Ƙamshin turaren wuta har zaure. Aka yi addu'a, aka raba waina da fura. Mata suka baje a tabarmi a inuwar darbejiya, 'yan uwan Baba na 'Yankuzo ma sun zo tun da sassafe a kan babura. An fito da talabijin tsakar gida an ɗora a kan turmi da faranti, an jona da batirin sola. Iya da kanta ta sa aka ajiye mata kujera a gaba, ta hana yara zama kusa don kada su tare mata.

Ni ina tsaye a ƙofar madafa da jakata a kafaɗa, ba abin da ke cikinta sai caja da mataccen faifai. Ina ta jujjuya kalmomin da zan fara da su, sai wayata ta yi ƙara.

"Muna ƙofar gida. Na zo da Baffana da limamin unguwarmu. Don Allah Mansura."

Na karanta, na sake karantawa. Saƙon da na yi ta roƙon Allah in gani, wanda Baba ya so ya gani da idonsa, yau ga shi a tafin hannuna, kuma ban san ko ni ya zo nema ba ko laifinsa ya zo binnewa. Kafin in motsa sai ga Baffa Umaru ya yi sallama daga bakin zaure, fuskarsa a washe, abin da ban taɓa gani ba.

"Delu, albishirinki! Mutanen Bungudu sun iso, da manyansu."

Wata gwaggona ta rangaɗa guɗa. Mata suka juyo gaba ɗaya suna kallona, masu tsokana na tsokana, masu sa albarka na sawa. Iya ta ɗaga hannuwanta masu lalle sama ta yi hamdala, hawaye na gangaro mata ta cikin kwallin.

"Umaru, a ba manya wuri a zaure. Shi ko Mahadi a shigo da shi nan, shi zauna kusa da ni mu kalla tare. Ai ɗana na. Shi ya haɗa na'urar da ta aje muna Malam."

Na ji takun Mahadi a zaure, na ji ya tuɓe takalmi. Iya ta gyara zama a kujerarta, ta share ido da gefen mayafi don ta gani da kyau, ta fuskanci talabijin.

"To Mansura, bismillah. Kunna mani mijina."